Injiniya Ya Gyara Daɓen Surukinsa

A layin shagunan nan babu wanda ya san shi da wani suna sai Injiniya, kuma shi ya raɗa wa kansa. Asalin abin, fankar telan layin ce ta tsaya, ya kwance ta ya mayar, ta tashi. Tun daga ranar fankar ba ta sake waiwayar mutane ba, bango kawai take yi wa fifita, kusoshi biyu kuma suka yi saura a hannunsa, ya ce dama na ado ne. Amma dai ta tashi, shi ma kansa ya tashi bai sake sauka ba. Sana'arsa ta gaskiya fotokofi ce, a wani lungu ƙarƙashin matakala, inda in ya miƙe da sauri sai ƙeyarsa ta gaisa da siminti.

Ginin na surukinsa ne, dattijon da kowa ke kira Baba. Magini ne da ya ajiye cokalin gini, kuma shagunan nan da hannunsa ya ɗora su tun daga tushe. Ka kushe rigarsa ko tsohuwar motarsa, zai taya ka dariya. Amma ka ce bangonsa ya karkace, to ka nemi wata hanyar wucewa. Har yau yana yawo da ɗan ma'auninsa na magina a aljihu, mai idon ruwa a tsakiya, in ya je gidan mutane sai ya faki ido ya ɗora a kan teburinsu.

Da mai kemis ya tashi daga shagon gaba, mai kallon titi, mai ƙofar gilashi da farin tayil da Baba ya shimfiɗa da kansa, mutum biyu suka sa masa ido. Ɗaya Injiniya, ɗaya mai aski, wanda ya gaji da aske mutane a ɗan tsukin da in ya ɗaga gwiwar hannu sai ya bugi madubi. Injiniya ya riga shi zuwa gaban Baba, ya durƙusa, ya ce shi ba fotokofi zai kai shagon ba, masana'anta zai buɗe.

"Masana'antar me?" in ji Baba.

"Ta komai, Baba. Wani ɗan inji ne, a kan tebur ake ajiye shi. Zaren roba yake ci, ya narkar, ya riƙa zubawa shimfiɗa kan shimfiɗa har abu ya tashi. Kofi, maɓalli, marfin kwalba, haƙori in an matsa. Gini ne dai irin naku, sai dai shi ba ya neman lebura."

Baba ya dube shi har Injiniya ya fara gyara zaman hularsa. Sannan ya miƙa masa makulli.

"Zan je a duba min gwiwar nan, zan kwana biyu wurin yayarku. Ranar Asabar ina nan. Ka gina min abu ɗaya da zan riƙe a hannu in ce ya tsaya daidai, shago naka ne. In ba haka ba, mai aski ya shiga."

"Abu ɗaya, Baba? Ginin nan naku zan fitar muku gaba ɗaya, ɗan ƙarami, da matakalarsa da tagoginsa. Kuma a gaban jama'a."

Matar Injiniya tana bayan ƙofa tana jin su. Ta san mahaifinta, ta kuma san mijinta, sai ta koma ciki ta nemi maganin ciwon kai.

A wurin sayen injin, mai shagon ya so ya yi masa bayani kafin ya rufe kwali.

"Yallaɓai, abu ɗaya zan gaya maka. Ka ga farantin nan da robar ke sauka a kai? A ƙarƙashinsa akwai noti huɗu, kowace kusurwa da nata. Sai ka samu takarda..."

"Takarda? Ni za ka gaya wa takarda? A cikinta nake kwana, a cikinta nake tashi."

"A'a, nufina ka sa ta a..."

"Malam, kai sayarwa ka iya, ni aiki na iya. Ɗaura min a babur."

Ya girka injin a tsakiyar shagon gaba, a kan tebur mai ƙafa huɗu, ya tsaya yana zagaya shi da hannu a baya. Da ya danna farantin da yatsa sai ya ji yana ɗan lotsawa. Ya leƙa ƙarƙashi, ya ga noti huɗun nan a kan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa, kowanne yana juyawa da yatsa biyu kawai. Ya girgiza kai don takaici.

"Ka ga aikin kamfanin zamani. Sabon inji, noti na rawa."

Ya kama na dama guda biyu ya ɗaure su har yatsunsa suka yi ja. Na hagu hannunsa ya riga ya gaji, ya ɗan murɗa ya bari. Don kada su sake kwancewa ya kawo gam mai kama ƙarfe ya tsiyaya wa kowanne har yana ɗiga. Sannan ya fita ya sanar da tela cewa tun kafin ya kunna injin ya riga ya gyara wa masu ƙera shi kuskure ɗaya.

Aka kunna. Farantin ya ɗauki zafi, tsinin bakin injin ya sauko, ya fara ja wa ginin Baba tushe da baƙin zare, don shi kaɗai ne ya zo a kwalin. A hagu bakin ya riƙa kartar farantin yana ƙara, robar da ƙyar take fita, siririya har ana ganin ƙarfe ta cikinta. Da ya kai dama sai zaren ya riƙa faɗowa daga sama, bai manne ba, ya nannaɗe, ya bi bakin injin yana jan sa duk inda ya je. Kafin a jima abin da ke kan farantin ya koma kamar gashin da aka tsefe aka bari.

Mai aski yana jingine a bakin ƙofa, hannu a aljihu, yana kallon bangon hagu.

"Ina ganin madubi a nan zai fi kyau," in ji shi.

"Wane madubi?"

"Ba da kai nake ba, Injiniya, da bango nake. Wancan shi ne ginin Baban?"

"Tushe ne. Kai me ka sani a tushe? Aikinka a sama yake farawa."

"Haka ne. Sai dai ni in na ga irin wannan a kan mutum, ƙwal nake yi masa."

Injiniya ya ce iska ce. Ya rufe ƙofa da taga, ya toshe ƙasan ƙofar da tsumma, ya hana tela atishawa in zai wuce. Ya zauna a ciki gumi na bin bayansa, ya sake kunnawa. Hagu ta karce, dama ta tsefe. Ya ce to farantin ne ya yi santsi, ya shafa masa gam na takarda. Hagu ta karce, dama ta tsefe. Mai aski, don nuna maƙwabtaka, ya ba shi aron feshin gashi, ya ce ai farantin mai sanƙo ne, ya gwada ko Allah zai sa. Shagon ya cika da ƙamshi, zaren dama ya ci gaba da shawaginsa. Daga nan Injiniya ya dama sukari da ruwa ya shafe farantin, ya ce babu abin da ya kai shi kamu. Ya kama kuwa. Washegari da safe ya tarar da kiyashi sun yi layi tun daga bakin titi har cikin injin, da ya kunna kuma zafi ya dafa sukarin, tela ya leƙo yana tambaya wa ya fara sayar da alewa.

Da rana matarsa ta kawo masa abinci. Ta tsaya ta kalli injin yana aikinsa, ta kalli kwandon shara da ya cika da tsefaffen zare.

"Ka kira mutumin da ya sayar maka mana."

"In kira shi ya koya min? Zan kira shi, amma ranar Asabar, ya zo ya ga yadda ake yi."

"To Allah ya kai mu, Injiniya." Ba ta kiran sa da sunan nan sai in abin ya ishe ta.

Ya tsuguna ya kafa wa farantin ido daga gefe, ya rufe ido ɗaya. A nan ne ya gano wani abu, kuma a ba shi haƙƙinsa, gaskiya ya gano: a dama farantin ya yi nisa da bakin injin, a hagu ya matse shi. Dama ta yi ƙasa. Murna ta kama shi har ya tafa hannu. Sai kuma ya tuna mai shagon ya yi maganar takarda da kusurwa huɗu.

"Ashe abin da yake ta kame-kame zai faɗa ke nan."

Ya ruga lungunsa ya ɗauko ƙunshin takardar fotokofi guda biyu, ko buɗe su ba a yi ba, ya cusa a ƙarƙashin ƙafafun tebur na dama. Teburin ya karkata, injin ya karkata, farantin da bakin injin suka karkata tare, tazarar da ke tsakaninsu ko gezau. Hagu ta karce, dama ta tsefe. Ya ƙara ƙunshi biyu. Kwanon abincinsa ya zame ya faɗi.

"Bai isa ba," in ji shi. Ya aro zarto ya rage ƙafafun hagu. Ɗaya ta fi ɗaya gajarta, teburin ya fara rawa, ya rage ɗayar. Ya zarce, ya dawo kan ta farko. Ya ga na dama sun yi tsawo da yawa, ya taɓa su. Zuwa la'asar teburin da ya shigo yana kai masa ƙugu ya koma iya ƙauri, Injiniya yana aiki a tsugune.

Tela ya leƙo da almakashi a hannu. "Injiniya, tebur ne wannan ko ƙanensa?"

"An saukar da nauyinsa ƙasa ne don kada ya girgiza. Ilimi ne."

"Ni ma na taɓa yi wa wani wando irin wannan ilimin. Har yau ba ya gaishe ni."

Aka sake kunnawa a gaban tela da mai aski da matar Injiniya, da ta dawo ɗaukar kwano. Hagu ta karce, dama ta tsefe. Injiniya ya daɗe yana kallon ƙasa. Inji dai shi ya gyara shi da hannunsa, ba shi da laifi. Tebur ya bayar da duk abin da yake da shi. Saura abu ɗaya. Ya miƙe a hankali, ya rage murya.

"Daɓen ne. Ginin Baba ne ya karkace."

Tela ya juya ya koma shagonsa ya ja labule. Mai aski ya ce shi bai ji komai ba, yana da mura, kunnensa a toshe yake. Matar ta ajiye kwanon.

"Tayil ɗin nan a kan gwiwarsa ya shimfiɗa shi, ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe masa bokiti. Gwiwar da ya tafi a duba masa, a nan ya bar ta. In ka taɓa shi, ranar Asabar ban san ka ba."

"Ke 'yarsa ce, dole ki kare shi. Amma inji ba ya ƙarya. Ai gata zan yi masa, in gyara kafin wani ya gani."

Bai kira magini ba, don kada asirin Baba ya tonu. Ya manna jarida a ƙofar gilashi, ya aro guduma, ya farfasa farin tayil na ɓangaren dama don siminti ya samu wurin kamawa. Ya kwaɓa ya zuba, ya ja shi da katako daga bangon dama yana sirancewa zuwa hagu. Bai nemi ma'auni ba, ya ce idonsa ya ishe shi. Da ya tuna yadda takarda ƙunshi huɗu ta kasa, sai ya ƙara buhu guda, saboda gaba. Simintin bai bushe ba sai safiyar Asabar. Ya shimfiɗa sabuwar ledar ɗaki mai sheƙi ya rufe komai, ya mayar da guntun teburin ɓangaren dama, ya jera takardun a gefe. Tela ya tambaye shi ta ƙofa ko ya gwada.

"Gwaji na masu shakka ne," in ji Injiniya.

Kafin azahar shagon ya cika. Masu shagunan layin duk sun zo, har da mai sayar da injin, wanda aka gayyato don ya ƙaru. Matar Injiniya ta tsaya can gefe kusa da tela, kamar wadda ta zo sayen maɓalli. Baba ya iso da sanda, gwiwa a naɗe. Ya taka cikin shagon, ya ƙara taku, ya tsaya.

"Likitan nan ya taɓa min wani abu. Ji nake ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo." Ya dubi ƙasa. "Ledar mece ce wannan?"

"Don kada tayil ɗinku ya yi datti, Baba."

Mai aski, da ladabinsa, ya turo kujerar aikinsa mai taya, ya goge ta da tawul, ya ajiye ta a jikin bangon dama kusa da injin, ya riƙe ta har Baba ya zauna. Injiniya ya yi gyaran murya, ya yi jawabi a kan zamani da masu hangen nesa, ya danna maɓalli. Baba ya ɗaga ƙafar mai ciwo ya ɗora a matakin kujera, ya ɗaga ɗayar. Mai aski ya saki kujerar don ya tafa.

Da farko babu wanda ya lura. Kujerar ta motsa a hankali, ta bar bango. Baba ya riƙe sandarsa a tsaye, fuska a ɗaure, ya wuce ta gaban injin. Jama'a suka dare. Ya wuce ta gaban tela, tela ya ce sannu Baba. Ya wuce ta gaban 'yarsa, ta rufe baki da mayafi. Kujerar ta ɗan ƙara sauri, ta juya da shi rabi, ta je ta daki bangon hagu ta tsaya, a daidai inda mai aski ya ce madubi zai fi kyau. Babu wanda ya yi dariya, amma kafaɗu da yawa suna rawa.

Shi kuwa injin bai fasa halinsa ba. Hagu ta karce, dama ta tsefe, zaren ya taru ya yi tuli. Duk lokacin da bakin ya fizga gefe, guntun teburin sai ya ɗan zame a kan sabuwar leda. Injiniya yana can yana ba Baba haƙuri, bai ga masana'antarsa ta kamo hanya ba. Teburin ya gangaro, ya ci karo da tayar kujera, injin ya tuntsure ya kwanta ciki a waje, tulin baƙin zaren ya faɗa a cinyar Baba.

Baba ya ɗaga shi da yatsa biyu.

"Ginina ke nan?"

"Tushen ne, Baba. Da an bar shi ya..."

Baba ya sa sanda ya yaye ledar. Ga siminti nan ɗanye-ɗanye, da sawun katako, da gutsattsarin farin tayil suna leƙowa daga gefe. Ya zaro ma'auninsa, ya sunkuya da ƙyar ya ɗora a ƙasa. Idon ruwan ya gudu can ƙarshe ya maƙale. Rawar kafaɗu ta tsaya. Ba fushi ne ya fara zuwa fuskar dattijon ba, baƙin ciki ne, kuma kowa ya gani. Ya ɗauki guntun tayil ɗaya ya share shi da babban yatsa.

"Wa ya ce maka ya karkace?"

"Inji ne ya nuna, Baba. Dama ta yi ƙasa, shi ne na..."

"Wa ya zuba wa notin nan gam?" Mai sayar da injin ne, yana tsugune a gaban cikin injin da ya kwanta.

Injiniya ya samu abin kamawa. Ya gyara tsayuwa. "Ni ne. Rawa suke yi tun daga kamfani, kai ko lura ba ka yi ba."

"Yallaɓai, don su juya aka yi su. Da su ake ɗaga farantin a sauke shi." Ya miƙa hannu ya yage bakin ƙunshi ɗaya, ya zaro takarda guda. "Wannan kawai. Ka sa ta tsakanin bakin injin da faranti a kowace kusurwa, ka murɗa noti har ka ji tana ɗan kamawa in ka ja. Shi ke nan. Faranti da baki a jiki ɗaya suke, ƙasa babu ruwanta. Ko a kan tudu ka ajiye shi zai yi aiki."

"To ai ga tudun nan an gina masa," in ji mai aski.

A nan ne dariyar da aka riƙe ta ɓalle, har masu wucewa a titi suka tsaya. Injiniya ya nemi idon matarsa. Ta cika alkawari, tana duba ɗinkin wata riga a hannun tela.

Baba ya mayar da ma'auni aljihu, ya miƙa hannu. Injiniya ya ɗauka taimakon tashi ake nema, ya kama hannun da hannu biyu.

"Makulli," in ji Baba.

Ya karɓa ya miƙa wa mai aski ba tare da ya dube shi ba. "Ka ba shi kwana biyu. Zai fasa wannan abin da hannunsa, ya shimfiɗa min tayil ɗaya bayan ɗaya, a kan gwiwarsa. Ni zan zauna a nan in riƙe ma'auni."

Haka aka yi, sai dai an cire wa kujerar taya. Injiniya ya koma lungunsa da gwiwoyi a kumbure, injin yana kan kwali a kusurwa yana jiran sababbin noti. Mai aski ya rataye madubinsa a bangon hagu. Tulin baƙin zaren nan kuwa bai zubar ba, ya ɗora shi a kan wani kan mutum na roba a bayan gilashi, ya rubuta a ƙasa cewa ana gyara har irin wannan. Mutane suna tsayawa su kalla, wasu su shiga.

Wata rana wani baƙo ya kawo fotokofi, yana jira yana leƙen shagon gaba, ya ce gashin can kamar na gaske. Injiniya ya ajiye takardar da ke hannunsa.

"Ka gan shi? Daga masana'antata ya fito. Bari in nuna maka injin."

Ya miƙe da sauri. Matakalar tana nan inda Baba ya gina ta.